Tambaya da Amsa: Na sayi 4K amma hoton dishi-dishi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min, na sayi sabuwar talabijin an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, amma da na haɗa ta da dikodata sai hoton ya fito dishi-dishi, rubutun da ke wucewa a ƙasan labarai ma da kyar nake karanta shi, wallahi tsohuwar tawa ta fi ta. Da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya na haɗa. Ko dai jabu aka sayar min?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ai ka kama ɓarawon da kanka, wayar nan mai kai uku ce matsalar. Kaga hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel, matsa daf da allon ka ƙura ido za ka gan su a jere kamar saƙa. Full HD tana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wajen ɗigo miliyan 2 kenan. Ita kuwa 4K 3840 ne da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu cif. To shi kan rawayan nan tsohon hoto kawai yake iya ɗauka wanda bai wuce layi 576 ba, sai talabijin ɗin ta ja shi ta baza don ya cika babban allo, shi ya sa yake fitowa kamar hazo, kuma duk girman allon haka munin zai ƙaru, shine dalilin da tsohuwar taka ƙarama ta fi rufa masa asiri.

Nemi wayar HDMI, ita kaɗai tana ɗaukar hoto da sauti, sannan ka shiga saitin dikodar ka zaɓi 1080. Amma fa bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu kar ka dawo kana ƙorafi, in tashar da kake kallo ba 4K take watsawa ba ko dikodar iyakarta HD, ba za ka ga 4K na ainihi ba komai tsadar wayar. Abin yana damuna yadda ake tallata lambar ba a yi wa mutane wannan bayanin.

Tambaya: Malam barka da aiki. Doguwar sifikar nan da ake ajewa a ƙasan talabijin muka haɗa da HDMI, fitilarta na ci amma shiru kake ji. Me muka yi ba daidai ba?

Amsa: 'Yar'uwa ɗauki tocila ki leƙa bayan talabijin ɗin, za ki ga ramukan HDMI biyu ko uku, akwai guda ɗaya da aka rubuta ARC ko eARC da ƙananan baƙaƙe a gefensa, nan za ki sa. Sauran ramukan karɓa kawai suke yi, wannan ne yake mayar da sauti zuwa sifika, tun 2009 aka kawo ARC ɗin tare da HDMI 1.4. Sai ki kunna CEC a saiti, wato tsarin da ke sa na'urorin da aka haɗa da HDMI su riƙa sarrafa juna, kowane kamfani da sunan da ya sa masa, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, in kin yi haka rimot ɗaya ma zai riƙa ƙara miki murya. In babu ARC ɗin, duba wani ɗan rami mai kusurwa huɗu da jar wuta ke leƙowa ciki, na wayar oftikal ne, ita ma tana yi.

Tambaya: Mene ne 5.1?

Amsa: Tsarin sauti ne mai sifiku 5, uku a gaba biyu a bayanka, 1 ɗin kuma wufa ce, wato sifikar sauti mai kauri mai dukan ƙirji. Ta tsakiyar ita ke ɗaukar maganar 'yan fim, don haka kar ka tura ta cikin kabad, aje ta a fili daidai ƙasan allo.