Zawarcin 'yan wasa a Hoops Dynasty: me ya sa dabarar rukuni na uku ba ta ci a rukuni na ɗaya?

Tambaya: Na shafe kakannin wasa da dama ina horar da ƙungiyar ƙwallon kwando a rukuni na uku na Hoops Dynasty, wasan intanet na horar da ƙungiyoyin jami'o'i, kuma ban taɓa shan wahalar cike gurabena ba. Yanzu na samu wata ƙaramar jami'a a rukuni na ɗaya, amma duk yaron da na nema sai wani ya ƙwace. Ina kuskurena yake?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya same ka yana samun yawancin waɗanda suka hau sama a wannan wasa na kamfanin WhatIfSports, wanda ya kwaikwayi tsarin rukunoni uku da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, take bi tun 1973. A zahiri jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da tallafin karatu saboda wasanni, amma a cikin wasan kowane koci yana da gurabe 12 da zai cike.

A rukuni na uku ido da haƙuri ne jarinka. Kuɗinka kaɗan ne, don haka ka fi cin riba idan ka zuba su wajen binciken jihohin da ke kusa da makarantarka, ka gano yaron da alƙalumansa na yau ba su burge kowa ba, amma yana da himmar atisaye da sararin ƙaruwa a gudu, ƙarfin jiki da tsaro. Sai ka jira manya su gama zaɓe, ka ɗauki wanda suka bari. Rukuni na biyu ma kusan haka yake, sai dai hannunka ya fi kaiwa nesa.

A rukuni na ɗaya kuwa babu wanda yake ɓoye. Yaron da ka gani kowa ya gan shi, kuma nan ne martabar makaranta, wadda wasan yake aunawa da haruffa daga A zuwa D, take nuna nauyinta: ziyara guda da kocin makaranta mai A ya kai gidan yaro ta fi taka tasiri, ko da kuɗin da kuka kashe ɗaya ne. Ina kyautata zaton kana yin abin da ka saba, wato raba makin kulawarka (makin da wasan ke ba koci don jan hankalin yara) ga yara goma ko fiye, alhali abokin hamayyarka ya tattara nasa a kan biyu. Wanda ya raba ƙarfinsa haka sai ya zo na biyu a ko'ina, kuma na biyu galibi gurbinsa a buɗe yake kwana.

Kafin ka shiga takara, ka buɗe shafin yaron ka duba abubuwa uku. Na farko nisa, domin kuɗin ziyara yana hawa da nisan gidansa, ta yadda yaron da ke maƙwabtaka da kai zai ba ka damar kai ziyara da yawa da kuɗin da na nesa zai cinye a 'yan kaɗan. Na biyu abin da yake so: wani yana son zama kusa da gida, wani yana neman lokacin wasa, wani kuma salon tsaro ko na kai hari ya dame shi. Na uku su waye ke zawarcinsa, da yawan guraben da suke da su, tunda yawan gurabe ne ke ƙara wa koci kuɗi da maki.

Makamin da ƙaramar makaranta ta fi babba da shi shi ne alkawari. Kai kana iya yi wa ɗan shekarar farko alkawarin farawa a cikin biyar na farko da mintuna masu yawa, abin da zai yi wa babban koci wuya saboda gwanayen da ya tara. Sai dai ka cika shi, domin yaron da aka saɓa wa yana iya barin makarantar.

A kakarka ta farko ina ba ka shawarar ka zaɓi yara biyu na kusa waɗanda bukatunsu suka dace da kai, ka tsaya a kansu har su sa hannu, sannan ka ajiye ɗan kuɗi domin zagaye na biyu na zawarci, lokacin da manyan makarantun da gwanayensu suka tafi gasar ƙwararru da wuri suke sauko wa yaran da kake ganin naka ne.