Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan "can", "could" da "must"

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun jiya da dare na ga tambayarki, sai yanzu da na gama duba littattafan ɗalibai na samu zama. Kin ce kin samu aiki a teburin karɓar baƙi a wani asibiti mai zaman kansa, kin haddace "can", "could", "may" da "must" tun kina sakandare, kin kuma ci Turanci a WAEC, amma shugabarki ta ja ki gefe ta ce maganarki da marasa lafiya akwai kaushi. Kina son sanin inda gizo yake saƙa.

Shekara 14 ke nan ina koyar da Turanci a nan Kaduna, da safe a makaranta, da yamma kuma ajin manya a Tudun Wada. Wannan kukan naki na ji shi daga bakin teloli, direbobi da ma'aikatan jinya. Laifin ba naki ba ne. An koya mana waɗannan kalmomi ɗaya-ɗaya kamar jerin ƙamus: "can" iyawa, "must" dole, "may" wataƙila. Su kuwa masu harshen a ƙulle suke amfani da su tare da wasu kalmomi, kuma ƙullin gaba ɗaya ake koya.

Ƙa'idar nahawun ba ta da tsawo. Manyansu tara ne: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. Aikatau ɗin da ya biyo bayansu ba ya ɗaukar "to" ko "s" ko "ed". "She can go" ake cewa. "Can be able" ɗin nan da ya cika bakinmu kuwa maimaici ne, ki zaɓi "I can" ko "I will be able to". Wannan kin riga kin sani.

Abin da ba a faɗa mana a aji ba shi ne inda ladabi yake zaune. A Hausa idan kika ce wa dattijo "Baba, zauna nan", babu wanda zai ce kin yi rashin kunya, domin "Baba" ɗin da gaisuwar da kika fara yi da sassauta murya sun ɗauke nauyin umarnin. Da kin juya shi zuwa "Sit here", duk wannan rigar ta faɗi, saura umarni tsagwaronsa. Turanci a cikin "could" da "would" yake zuba ladabinsa. "Could you sit here, please?" shi ne daidai da "Don Allah ko za ka zauna nan?" Haka "I would like" ya fi "I want" taushi nesa ba kusa ba. Kada ki damu da cewa an koya miki "could" a matsayin shuɗaɗɗen "can". A wajen roƙo ba maganar jiya yake yi ba, sassautawa ce kawai.

Akwai wata ɗalibata mai ɗinki a Kasuwar Barci da ta zo aji ranta a ɓace. Ta miƙo min waya, allon duk ya tsage a gefe, ta ce in duba abin da ta yi wa wata mai ba ta ɗinki daga Abuja har matar ta daina ɗaukar kiranta. Ga abin da ta rubuta: "You must send the money today." A ranta cewa take yi a daure a turo cikon kuɗin ta sayi shafi. A kunnen matar kuwa tsawa ce. Muka zauna muka gyara: "Could you please send the balance today so I can finish your dress?" Kafin a kira isha'i an amsa mata. Ina zargin "must" ɗin nan ne yake cin ki ke ma. Maimakon "You must pay first", gwada "You'll need to pay first, please."

Amma akwai wurin da bai kamata ki sassauta ba, kuma a asibiti wannan ya fi komai muhimmanci a wurina. "You must not" hani ne, kada a yi. "You don't have to" kuwa ba dole ba ne, in an ga dama a yi. Mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Idan likita ya ce kada mutum ya ci abinci kafin gwajin jini, "You must not eat before the test" za ki ce, a fili. In kika ce "You don't have to eat", kin ba shi zaɓi, zai iya karyawa da ƙosai da koko ya zo, gwajin ya lalace, kuɗinsa ya tafi.

Shi ma "must" yana da fuskar tausayi. "You must be tired" ba umarni ba ne, "lallai kin gaji" ne, kusan sannu da gajiya. Wadda ta kwana a kan kujera tana jinyar ɗanta za ta ji daɗinsa. Wanda nake roƙon ki kiyaye shi ne "You should have come earlier". Nahawunsa lafiya lau, amma "da ma kin zo da wuri" ne, kuma mai ɗauke da mara lafiya ba ya buƙatar a ƙara masa da-na-sani. In kin zo rubuta shi, "should have" ne. "Should of" da kike gani a Facebook kuskure ne da ya samo asali daga yadda ake furta "should've".

Sai "Would you mind". A jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja na ga wata mata ta tambayi wani saurayi, "Would you mind if I sit here?" Ya washe baki ya ce "Yes", yana nufin bismillah. Ta yi turus ta wuce gaba, shi kuma ya rasa me ya yi. Tambayar tana nufin "zai dame ka?", don haka amsar yarda ita ce "No, not at all" ko "Go ahead".

Ga abin da nake sa 'yan ajina su yi. Ki samu ƙaramar takarda ki rubuta jimloli biyar da kika fi faɗa a rana, ki manna ta gefen kwamfutarki: "How may I help you?", "May I have your card, please?", "Could you wait a moment?", "Would you like to sit down?", "The doctor should be here soon." Wannan na ƙarshen yana nufin ana sa ran zuwansa, ba ki yi alkawari ba, saboda haka ko ya makara ba ki yi ƙarya ba. Ki riƙa faɗinsu da ƙarfi a gida har su zauna a baki, kada ki tsaya fassarawa daga Hausa a lokacin da mutum yake tsaye gabanki.

Turo min jimlolin da kika saba faɗa a teburin, yadda kike faɗinsu ba tare da gyara ba, in sha Allah zan duba miki su bayan magariba.