Tambayi Likita: Haki Da Ƙandarewar Yatsu Lokacin Firgita

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗiyata mai shekara 16, da zarar jarrabawa ta gabato ko aka yi mata faɗa, sai ta kama haki tana cewa numfashi ba ya isar ta, jiri ya ɗebe ta, yatsun hannunta su ƙandare. Maƙwabta sun ce iska ce, mun yi turare ba mu ga sauƙi ba. Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Alamomin nan sun yi kama da saurin numfashi wanda ya wuce buƙatar jiki. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan tsoro ko damuwa suka taso, sai ya riƙa zuƙa yana furzarwa da sauri, ya fitar da iskar kabon, wato iskar da jiki ke fitarwa ta numfashi, fiye da kima. Jini kuwa yana buƙatar ɗan ma'auninta. Da ta yi ƙaranci sai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, ga jiri ga gani dishi-dishi. Sinadarin kalsiyam mai aiki a jini shi ma ya ragu, leɓɓa da yatsu su yi kamar tururuwa na bin su, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafi. Tana jin kamar iska ta yi mata kaɗan, alhali oksijin ɗinta a cike yake. Shi ya sa take ƙara haki, hakin kuma yana ƙara tsananta abin.

In ya taso, fara sallamar 'yan kallo, domin taro da salati da koke-koke ƙara firgita ta suke yi. Zaunar da ita, ki sassauta mata hijabi, ki ɗora hannunta a kan cikinta. Ta shaƙa ta hanci kina ƙirga ɗaya zuwa huɗu, cikin ya taso, kafaɗa na nan ƙasa. Sannan ta tsuke leɓɓa kamar mai hura koko mai zafi, ta fitar a hankali har ƙirga shida. Ki yi tare da ita, tana kallon fuskarki. Galibi cikin minti 20 zuwa 30 yakan lafa, yatsun su saki da kansu, kada a miƙe su da ƙarfi. Ta riƙa gwada wannan numfashin minti biyar safe da dare tana lafiya lau, don ya zame mata jiki.

Don Allah a bar hayaƙin turaren nan a kanta, kuma kada a rufe mata baki da leda ko jakar takarda. In har asma ce ko ciwon zuciya, hakan na iya halaka ta. Ki kai ta Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna yawan jininta, a saurari ƙirji da zuciya. In komai ya fito lafiya, sai a zauna da ita a ji abin da ke cin ranta, domin matsananciyar damuwa cuta ce mai magani.

Tambaya: Mahaifina mai ciwon suga ya kwana biyu yana dogon numfashi mai nauyi, ga amai da ƙishirwa. In sa shi ya rage numfashin? Daga wani ɗan kasuwa, Daura.

Amsa: A'a Malam, kada ka kuskura. Wannan alama ce ta suga ya hau har jini ya yi tsami, jikinsa kuma da numfashin yake kare kansa. Yana buƙatar ƙarin ruwa da allurar insulin a asibiti. Ka kai Baba babban asibiti mafi kusa yanzu, ka tafi da duk magungunan da yake sha.