Shagon ɗinki: a gina shafin intanet ko WhatsApp ya isa?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko shagon ɗinkinka na buƙatar shafin intanet, ko WhatsApp da Facebook sun wadatar. A yanzu dai kada ka kashe kuɗinka a kan shafi. Fara da abu biyu da ba a biyan ko kwabo: ka sa shagon a taswirar Google ta Google Business Profile, da adireshi, lambar waya da lokacin buɗewa da tashi, sannan ka koma WhatsApp Business ka jera hotunan ɗinkinka da farashinsu. Mai neman tela ana saura mako biyu Sallah da waya yake nema, so yake ya ga aikin hannunka, ya san inda kake. Hotunan kuwa naka za ka ɗauka da hasken rana, kada ka ɗauko na wani telan.

Sai oda ta fara zuwa daga Abuja, Legas ko Yamai sannan shafi zai fitar da kuɗinsa. In lokacin ya yi, don Allah ka tabbata sunan shafin, .com.ng ne ko .com, da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistarsa, domin haya ce ta shekara-shekara. Na ga wata mai atamfa da wanda ya gina mata ya sa sunansa, ya canja lamba, wa'adi ya cika, shafin ya rufe alhali adireshinsa na buge a jikin duk ledojinta.