Tambaya da Amsa: Na yi sak, amma ban san wa na zaɓa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, a gidanmu duk inda baba ya sa gaba nan muke dangwalawa, a 2023 ma sak na yi daga sama har ƙasa, amma wallahi sai da aka gama na ji sunan ɗan majalisar tarayyarmu. Abokina ya ce wai irinmu ne muka kashe ƙasar nan. Don Allah laifi ne bin jam'iyya?
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka ya yi zafi da yawa, bin jam'iyya ba laifi ba ne, mutanen Kano da suka bi NEPU da PRP sun san abin da suke bi, akwai aƙida ta talaka da aka yi musu bayaninta lungu-lungu. Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne wannan ɗan majalisar da ba ka san sunansa ba.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, ita kanta takardar ƙuri'ar tana taimakawa, domin babu sunan ɗan takara ko hotonsa a jiki, tambarin jam'iyya ne kawai, tsintsiya ko lema ko kwandon kayan marmari. Shugaban ƙasa da gwamna kowa ya san su, ana zancensu a rediyo da majalisar mai shayi dare da rana, amma sanata da ɗan majalisar wakilai da na jiha yawanci guguwa ce ke kwaso su. A 2015 da kalmar sak ta yi tashe mutane da yawa sun shiga majalisa albarkacin Buhari, wasunsu ko a mazaɓarsu ba a san fuskarsu sosai ba.

Kai da kake Kano ai ka ga abin da ya faru a Kano ta Tsakiya. Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP tun watan Agustan 2022, amma sunansa bai fita daga jerin INEC ba, aka yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu 2023 jama'a suka dangwala wa kayan marmari, tambarin NNPP a lokacin, INEC ta sanar da shi a matsayin wanda ya ci kujerar sanatan da ya riga ya ce ba ya nema, sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli aka ba Rufa'i Hanga, wanda NNPP ta maye gurbin Shekarau da shi, shaidar cin zaɓe. Wasu kam sun san Hanga suke nufi, to amma tsakani da Allah mutum nawa ne a layin nan za su iya gaya maka sunan wa ke rubuce a wurin hukuma? Wannan abin yana min ciwo, don waɗannan su ne masu zama a kan kasafin kuɗi da dokar haraji, su ne masu tantance ministoci idan sanatoci ne, kuma gobe ɗan takarar zai iya sauya sheƙa ya tafi da ƙuri'arka inda ba ka aike shi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba, ranar zaɓen farko takarda uku ake miƙa maka, ta shugaban ƙasa daban, ta sanata daban, ta ɗan majalisar wakilai daban, kowacce da akwatinta, babu dokar da ta ce sai ka dangwala wuri ɗaya a dukkansu. Kuma kafin zaɓe INEC tana liƙa takardun da kowane ɗan takara ya cike, fom EC9, a ofishinta na mazaɓa, da shekarunsa da makarantun da ya ce ya yi, kyauta ake dubawa. Idan wanda ke kan kujera ne ya dawo nema, tambayi ƴan unguwarsu sau nawa suka gan shi bayan rantsuwa, wane ƙudiri ya kai, aikin mazaɓar da aka rubuta da sunansa yana ina. Taliya da atamfa na ranar kamfen ba sa cikin lissafi.

Batun baba kuma, ka zauna da shi cikin ladabi ka tambaye shi me ya sa yake bin wannan layin, wataƙila yana da hujjar da ba ka taɓa ji ba, kai ma ka kawo masa abin da ka gano a kan ƴan takarar majalisa tun kafin a fara raba huluna.