Firizar da Ta Ƙi Hutawa: Amsoshin Tambayoyinku

Wata uwargida daga Gusau ta rubuto cikin damuwa cewa muddin akwai wuta injin firizarta ba ya tsayawa, har zoɓo da kunun ayar da take sayarwa suna daskarewa su fasa robobi. Mai gyara ya ce mata gas ne ya ƙare, shi ya sa take tambaya ko ta biya a zuba wani.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki ba shi ko sisi. Firizar da gas ɗinta ya zube takan yi ta aiki babu sanyi, taki kuwa sanyi ne ya yi mata yawa, wanda ke nuna cewa injin da gas ɗin lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana ga tamostat, wato na'urar da ke kashe injin idan sanyi ya kai inda ake so, kimanin digiri 18 ƙasa da sifili. Ki fara duba maɓallin tamostat ɗin, domin yara sukan murɗa shi zuwa ƙarshe, sannan ki tabbata ba a bar makunnin daskarewa da sauri a kunne ba. Ki mayar da maɓallin tsakiya ki jira kwana ɗaya. Idan har yanzu injin bai huta ba, to ko siririn bututun da ke jin sanyi ya zame daga mazauninsa, ko tamostat ɗin ta lalace, kuma kuɗin canza ta bai kai ko kusa da na sabon inji ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda maganar ƙarewar gas ta zama amsar kowace matsala a bakin wasu masu gyara. Gas ɗin firiza a rufe yake, ba ya ƙarewa kamar na girki sai idan bututu ya huje, kuma wanda ya zuba sabo bai toshe hujin ba zai sake dawowa karɓar kuɗinki. Wasu ma ba sa karanta takardar da ke manne a bayan firiza, sai su ɗura gas nau'in R134a inda aka rubuta nau'in R600a, su lalata injin. Ki tsaya a kan mai gyaran yayin aiki, ki ga sabuwar tamostat a cikin kwalinta, ki kuma karɓi tsohuwar, domin akwai masu goge tsohon kaya su sayar a matsayin sabo.

Wani mai sayar da kifi daga Yauri yana tambaya ko ya sa a cire tamostat a haɗa wayar kai tsaye, tunda yawan sanyi ai riba ne. Malam, wace riba? Injin da ba ya hutawa a zafin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙonewa zai yi, kifinka kuma ya ruɓe kafin ka tara kuɗin wani.

Ga ƙanwata daga Jega wadda ƙanƙara ke taruwa a bakin murfin firizarta: ki rufe murfin a kan takardar kuɗi ki ja. Idan ta fito salin-alin, robar bakin murfin ta saki, a canza ta. Ki janye firizar daga jikin bango, ki share ƙurar hunturu daga wajen injin, kuma kada ki kuskura ki kankare ƙanƙara da wuƙa.