Amsa: tururin ruwa da ƙarin iska a injin mota

Malam, ka tambaya ko kwalbar ruwan nan da ake jonawa da bututun iska, da kuma ƙara wa inji iska, suna rage shan mai. Gaskiya ruwa ba ya cin wuta, aikinsa kawai ya sanyaya cikin silinda don kada fetur ya tashi kafin fulogi ya kunna shi, BMW sun sa shi a motarsu M4 GTS a 2016 amma kwamfuta ce ke auna feshin, ba tiyo da kwalba ba. Iska kuma, injin fetur na son kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na mai, in ka ƙara ta ɓarauniyar hanya sensa (na'urar da ke auna iskar da ke cikin hayaƙi) ya gani ya ƙaro mai. Don Allah kar ka gwada, ruwan in ya yi yawa kon-rod (sandar ƙarfen da ke riƙe da fiston) yake lanƙwasawa, a Farin Gada ta Jos na ga an sauke inji saboda haka. Canza fulogi da filtar iska tukuna.